Wurin da Na Saya a Soron Ƙofa

Jakai bakwai. Mangalar kanwa shida. Kantun gishiri uku. Gida mai ɗaki uku a wajen ganuwar Bebeji, da rumbu biyu cike da dawa. Sai mutum uku: mahaifiyata, wadda muke ce wa Iya, da matata Hajo, da 'yarmu Rabi mai shekara tara. Abin da na wayi gari da shi ke nan ranar da Nasara suka iso. In ka cire Iya, babu abin da na tarar a duniya. Duk da ƙafata na nemo su.

Sunana Tanko. Fatauci ne sana'ata. Nakan kai kanwa da gishiri Riruwai, can kudu cikin duwatsu, in musanya da dalma, in kawo wa maƙera. Da ɗaukar kayan wani a ka na fara, har na sayi jakin farko. A kasuwa ana cewa ba a yi wa Tanko wayo. Ni ma na yarda da haka. Ku yaran da kuka taso kuka tarar ganuwa ta zama tudun da awaki ke hawa, ku saurara. Ba zan ƙara komai ba, ba kuma zan wanke kaina ba.

Mu ba baƙin yaƙi ba ne. Tun ina goye mahara ke zuwa mana daga duwatsun Ningi. Kowane yaro ya san abin yi. In an buga kuge, ka saki abin da ke hannunka ka shige ganuwa. In an rufe ƙyaure, ba a buɗe wa kowa, ko ɗan wane ne. Mahara su zagaya, su harba kibau, su ƙone gidajen waje, su gaji su tafi. In kuwa Allah ya sa aka ci gari, ka kwashi mata da yara ka gudu, kada ka waiwaya, don su ake fara ɗaurewa a igiya a raba. Da wannan sanin Iya ta tsufa. Da shi na yi aiki a ranar, ban kauce ko taku ɗaya ba.

Da safe akwai sanyi. Na dawo daga masallaci na zauna a tsakar gida ina ɗinke akumari, don washegari nake da niyyar kama hanya. Hajo tana dama koko. Iya tana bakin murhu tana jin ɗumi, ta jiƙa ƙanzon jiya tana mamula. Rabi ta zo ta tsuguna a gabanta.

"Tsohuwa, haƙori biyu gare ki, amma ƙanzon gidan nan duk ke kike cinyewa."

"Ja'ira. Ubanki ma da su na tauna masa abinci."

"Lokacin suna nawa?"

Iya ta kai mata duka da mafici. Ta goce tana dariya, ta tafi zuba wa jakai dusa. Duk ta raɗa musu suna, kuma suna amsa mata fiye da yadda suke amsa mini.

Kwana biyu ke nan ana raɗe-raɗin Nasara sun taso daga Zariya sun nufi Kano. Na ji, na auna. Na ce ko su wane ne, ai ba su da fiffike. Ganuwa tana nan.

Da hantsi aka buga kuge. Sau uku, aka tsaya, aka sake sau uku. Bayansa gangar fada ta ɗauka. Hajo ta sauke tukunya. Na ɗaura wa jakai shida kaya, na ɗora Iya a kan na bakwai. Muka bi sahun mutane.

Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce mai kallon hanyar Zariya. Mun tarar da cunkoso: shanu, tumaki, mata da ƙullin kaya a ka, makafi ana ja musu sanda. Waɗanda suka shiga suna bazuwa a filin da ke bayan ganuwa. Na san filin nan. Nan kibau ke sauka in an harbo su sama. Nan aka kashe ƙanen Iya ina yaro. Wurin da ya fi ko'ina tsaro a garin shi ne soron ƙofa kansa. Bangonsa ya fi tsawon mutum kauri. Rufinsa azara ce da ƙasa. Kibiya ba ta huda shi, wuta ba ta cinsa. Yana da lungu biyu a bayan ƙyaure, dama da hagu. Dattawa da iyalin masu tsaro ake sa wa a ciki.

Na matsa kusa da sarkin ƙofa na rusuna.

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce da yarinya da uwarta."

"Soro ya cika, Tanko."

Na ɗaga bakin buhu yadda shi kaɗai zai gani. Ya dubi kan kantun gishirin.

"Na gaske ne?"

"Lasa ka ji."

Ya lasa. Ya juya ya yi wa wata mata magana, matar wani baduku, tana zaune a lungun dama da 'ya'yanta huɗu. Ya ce ta koma fili. Ta tashi, ta tattara 'ya'yan. Da ta zo wucewa ta dube ni. Na zaunar da Iya a inda ta tashi, daf da ƙyaure. Na zaunar da Hajo da Rabi a gefenta. Raina fari. Na ce a zuciyata, kantu ɗaya a bakin rai uku, ban taɓa ciniki mai arha kamar wannan ba.

Aka rufe ƙyaure, aka zura sakata, aka tokare da gumagumai. Na kora jakai zuwa zangon da ke bakin kasuwa na ɗaure. Na karɓi baka da kwari na hau badala tare da sauran maza.

Da walaha suka bayyana. Ba su zo da ihu ba. Sun zo a jere, ƙafa ɗaya, kamar an ja layi da igiya. Abin da ya fara ba ni mamaki, baƙaƙe ne irinmu, da jajayen huluna. Fararen ba su fi a ƙirga da yatsu ba, suna kan dawakai. A bayansu 'yan dako ne masu yawa. Suka tsaya nesa, inda kibiya ba ta kaiwa. Ba su zagaye gari ba. Wani na kusa da ni ya ce, "Ko tsani ba su zo da shi ba. Da me za su hau?" Muka yi dariya.

Mutum ɗaya ya fito gaba, ya sa hannu a baki. Da Hausa ya yi magana, Hausa sosai.

"A buɗe ƙofa!"

Aka amsa masa daga sama cewa ba a buɗewa. Ya sake faɗa. Ya faɗa na uku. Ya koma. Sarkin gari ya sauko daga badala da manyansa, suka shiga soro, suka tsaya a bayan ƙyaure, kamar yadda iyayensu suka saba tsayawa. Na ƙara jin daɗi. Na ce iyalina suna wuri ɗaya da sarki.

'Yan dako suka sauke wasu ƙarafa. Sojoji suka harhaɗa su. Abin ya fito kamar turmi a kwance a kan ƙafafu biyu masu garawa. Suka juya bakinsa. Ba badala ya kalla ba, inda maza suke da makamai. Ƙofa ya kalla. Ban san sunansa ba a lokacin. Daga baya na ji ana ce masa igwa.

Inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa. Aka busa begila sau ɗaya. Gari ya yi tsit. Ina jin kukan shirwa a sama, da wani jariri a fili.

Na ga farin hayaƙi kafin in ji ƙara. Sai ƙarar ta zo. Ta shiga ta tafin ƙafata ta fita ta haƙorana. Badala ta girgiza, mutum biyu suka faɗo. Da na dubi hagu, babu ƙyaure. Rabin rufin soro ya rufta ciki.

Na yar da baka. Ban san yadda na sauko ba. Hayaƙin ba irin na itace ba ne, yana yanka maƙogwaro. A cikinsa na ji muryar Hajo.

"Rabi! Rabi!"

Ku yara, ku gane wannan. Rabi 'yar fari ce. Shekara tara Hajo ba ta taɓa kama sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ke". A gaban mutane ko kallonta ba ta yi. Haka kunya take a wurinmu. Da na ji sunan a bakinta, da ƙarfi, a tsakiyar maza, na san abin da zan tarar.

Hajo tana durƙushe tana tonon ƙasa da hannu. Jini yana fita daga kunnenta na dama. Na kama ƙafar yarinyar na jawo. Tana numfashi. Idonta a buɗe, ba ta kuka. Zanenta ya jiƙe da jini a cinyar hagu. Iya tana nan inda na zaunar da ita. Azara ta faɗo mata a ƙirji. Na sa kafaɗa na ɗaga, ba ta motsa ba. Na sake, ba ta motsa ba. Na taɓa wuyan Iya. Na cire rigata na rufe mata fuska. Sarkin ƙofa yana kwance a gefe. Sarkin gari ma.

Sai wata bindiga ta fara, ta-ta-ta-ta, ba ta tsayawa a ɗura mata. Sai takun takalma. Sai murya daga bakin ƙofa.

"Ku zubar da makamai! Kowa ya zauna ƙasa!"

Na san ma'anar wannan. Ana zaunar da mutane ne don a ji daɗin ɗaure su. Na saɓi Rabi a kafaɗa, na fizgi hannun Hajo. Muka ratsa fili da gudu. Na wuce matar badukun. Tana tsaye, 'ya'yanta huɗu sun riƙe mata zane. Ko ƙwarzane babu a jikinsu.

A zango na tarar da jakai uku. Sauran sun tsinke, ko an tsinke su. Na yanke igiyar kaya na zubar, na rage mangala ɗaya da kantu ɗaya a kan jakai. Na yagi bakin rawanina na ɗaure cinyar Rabi. Na ɗora ta a kan Aura, jakar da ta fi sanyin tafiya, Hajo ta riƙe ta. Ƙofar gabas an riga an ɓalle ta daga ciki. Mutane suna tattake juna. Na sa jakai a gaba suka buɗe mana hanya. An kira azahar a ranar ko ba a kira ba, ban ji ba. Mun fita rana tana tsaka.

Na bar hanya, na yanki gonaki, na yi kudu. Karan dawa yana yankar ƙafa. Ban bari mun tsaya ba sai sau ɗaya, na ƙara ɗaure raunin.

Mun isa garin Ƙofa rana ta yi ja. Ƙyaure a rufe. Na san mai tsaron, ya sha cin goro a hannuna.

"Salamu alaikum! Tanko ne, mai dalma!"

"Mun gane ka. Ja da baya."

"Yarinya ce da rauni. Wanzami kaɗai nake nema."

"An rufe, Tanko. Ko uwata ce a nan."

Ban yi masa musu ba. Da ni ne a sama, haka zan faɗa. Suka zuro mana gorar ruwa da curin fura biyu a igiya. Muka kwana a gindin tsamiya.

Da gari ya waye na kwance ƙyallen na duba. Ramin ƙarami ne, sama da gwiwa kaɗan, bai fi ɗan yatsa ya shiga ba. Bai fita ta baya ba. Na danna gefe, na ji abu mai tauri a ciki. Rabi ta yi ƙara ɗaya ta suma. Na sha cire ƙaya daga kofaton jaki. Na sha tsaga ƙurjin dabba. Na fiddo wuƙa, na duba, hannuna ya ƙi.

Hajo ta yi magana da ƙarfi, don ba ta jin muryar kanta sosai.

"Maigida, mu koma. Iya tana can ba sutura. Akwai wanzami a gari."

"Igiya ce a can."

"Ko leƙawa ka yi."

"In suka kama ni, wa zai kai ku? Tashi."

Ta tashi. Ga lissafin da na yi. Tudun Wada babban gari ne, akwai wanzamai, tafiyar kwana biyu. In sun hana mu shiga, sai Riruwai. A can akwai wani tsoho, Arzika, mai cire tsinin ƙarfe da dutse daga jikin masu narka dalma. Na ga aikinsa da idona. Bukkarsa tana wajen gari, kusa da matoya, inda ake narkar. Babu ƙyauren da za a rufe tsakanina da shi.

Rana ta biyu duk ƙauyen da muka shiga babu kowa. Labari ya riga mu. Kaji suna yawo, turame a kwance. An kwashe guga daga bakin rijiyoyi. Na kwance igiyar mangala, na ɗaura ƙwarya, na ɗebo ruwa rabi-rabi. Rabi tana sha, tana kwantar da kai a wuyan Aura. Duk takun da jakar ta yi sai ta ciji leɓe.

Da la'asar muka faɗa wata ruga. Su ma suna ɗaure kaya a kan takarkarai. Na gaida dattijonsu, na buɗe mangala. Bafillace ba ya wuce kanwa, shanunsa suna buƙata. Na ba shi duka. Aka ba mu nono da man shanu da tsakin gero. Wata tsohuwa ta dafa ruwa da gishirina, ta wanke raunin, ta narka mai ta zuba. Ta shinshina ƙyallen, ta dube ni.

"Ƙarfe na ciki. Ba zai yarda da magani ba sai ya fita."

"Ke ba ki iya ba, Inna?"

Ta girgiza kai. Ta ce in yi sauri.

Rana ta uku da azahar muka hangi ganuwar Tudun Wada. Jama'a ce zube a gindinta, duk 'yan gudu. Wasu sun kwana biyu a nan. Ƙyaure a rufe. Na zagaya ina kira har wani ya tausaya ya kirawo wanzami. Ya leƙo daga sama. Na ɗaga Rabi a hannu biyu don ya gani.

"Sauko da igiya, malam. Mu riƙe ka."

"In sauko, wa zai mai da ni? An ce duk wanda ya fita ya fita."

"To a ja yarinyar sama."

"An hana."

Ya dubi jakaina. Ya ce yana da wani magani mai jawo ƙarfe waje, amma mai tsada ne. Ya nuna Duna, baƙin jakina, wanda ya fi sauran ƙarfi. Ya ce in ɗaure shi a jikin waccan kuka, zai aika a ɗauka in an buɗe. Ya zuro ƙullin a igiya. Na kwance. Na san garin ganyen sabara in na gan shi. A bayan gidana ma akwai. Na ɗaure masa Duna a jikin kuka. Tun da na fara ciniki, ranar ce aka fara cutata ina kallo, na kuma yi godiya.

Mun yi nisa kaɗan Rabi ta buɗe ido. Jikinta ya yi zafi kamar an fito da shi daga wuta. Ta duba gaba, ta duba baya.

"Baba, ina Duna?"

"Na sayar."

"Da riba?"

"Da riba."

"Tsohuwa fa?"

"Tana gida."

Ta lumshe ido. Hajo ta juya fuska.

Rana ta huɗu muka shiga dajin Falgore. Fatake ba sa shigarsa sai sun kai ashirin, da masu baka a gaba da baya. Mu uku muka shiga. Ciyawa ta fi mu tsawo. Babu sautin komai sai ƙudan tsando da karyewar kirare a ƙarƙashin kofato. Da hantsi muka ga sawun giwa, ɗanye. Da azahar muka sauka cikin kogi. Ya ƙafe, sai yashi. Na tona da ƙwarya har gwiwar hannu kafin ruwa ya tsattsafo. Cinyar ta kumbura ta ninka ɗayar. Fatar tana sheƙi. Na barbaɗa garin sabarar. Ba ni da wani abin barbaɗawa.

A ranar Rabi ta daina iya zama a kan jaka. Girgizar tana sa ta amai. Hajo ta kwance mayafinta ta goya ta, ƙafafun suna reto har gwiwarta. Na ce ta ba ni. Ta ƙi. Sai da ta faɗi sau biyu na karɓa. Daga nan muka riƙa karɓa-karɓa. In inuwa ta matsa taki ɗaya, mu sauya.

Rana ta biyar jaki na biyu ya durƙushe a hawan wani tudu. Tsando ya gama da shi. Na buge shi, bai tashi ba. Na sauke gora da sauran tsakin na ɗora wa Aura. Muka bar shi yana kallonmu. Raunin ya fara wari. Ƙudaje suna binmu. Hajo tana tafe a bayana tana korarsu da ganye. Rabi tana magana a wuyana, ba da ni ba. Tana kiran jakai ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu faɗa kan dusa. Da la'asar ta yi shiru. Na riƙa tsayawa ina sauraron numfashinta. In na ji, in ci gaba.

Takalmina ya tsinke tun a kogi. Ban lura ba sai da na ga jini a kan dutse.

Rana ta shida da hantsi muka fito daga daji. Na ga duwatsu. Na ga hayaƙin matoya yana tashi a tsaye. Kafin mu ƙarasa na ji zuga-zugi, fuu-fuu, fuu-fuu. Na fara gudu da ita a baya.

Arzika yana ƙofar bukkarsa yana wasa aska. Ban gaishe shi ba. Na kwantar da ita a kan tabarmarsa. Ya yanke ƙyallen. Ya daɗe yana kallo. Baƙi ya hau daga gwiwa har kusa da ƙugu.

"Kwana nawa?"

"Shida."

Ya sa aska da ɗan awartaki a wuta. Ya ce in danne kafaɗunta, Hajo ta danne ƙafa. Ya tsaga. Ya zura. Ya jawo. Duk aikin bai kai shan ludayin fura uku ba. Ya ajiye abin a tafina. Guntun baƙin ƙarfe ne, bai kai ƙwallon dabino ba.

"Ai kusa yake," in ji shi. "Wannan kowane wanzami zai cire. Da ran farko ne, da yanzu tana ɗingishi." Ya dubi baƙin da ya hau. "Sauran na Allah ne."

Ya matse raunin, ya wanke, ya cusa magani. Da yamma ta farka. Ta nemi kunu. Matar Arzika ta dama, ta sha ludayi uku. Ta tambayi inda muke. Na ce Riruwai. Ta ce ashe ta zo fatauci. Na fita bayan bukka na yi alwala, na rama sallolin da suka wuce ni. Na fara tunanin sandar da zan sassaƙa mata.

Washegari zazzaɓin ya dawo da hantsi. Da azahar ba ta gane mu. Tsakanin azahar da la'asar ta cika, kanta a cinyar uwarta.

Masu narka dalma suka ajiye zuga-zugi. Tun da nake zuwa garin ban taɓa jin sun yi shiru da rana ba. Suka yi sahu a bayana. Muka binne ta a gindin wani dutse, gabas da matoya. Na ba Arzika abin da ya saura na gishirin. Ya ƙi karɓa. Na ajiye masa a bakin ƙofa.

Bayan kwana goma sha biyu wani ayari ya iso daga arewa. A ciki akwai Ɗanjuma, maƙwabcina. Ya yi mini ta'aziyya, na yi masa barka da arziki. Na tambaye shi mutum nawa aka ɗaure.

Ya ce ba a ɗaure kowa ba.

Ya ce an zaunar da su a fili har la'asar, aka karɓe makamai, aka ce kowa ya koma gidansa. Sojojin sun kwashi hatsi da dabbobi, sun kwana a waje, da asuba suka busa begila suka yi Kano. Ba bayi suka zo nema ba, hanya suke so. Ya ce da hantsin ranar da suka tafi wanzamin garinmu ya fito daga rumbun da ya ɓuya, gida uku daga ƙofar da aka fasa. Ya bi waɗanda ƙarfen ya samu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ya rasu a cikinsu. Sauran suna tafiya da ƙafarsu.

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Hajo tana bakin bukka, ta juyo kunnenta mai ji. Ba ta dube ni ba. Har ta bar duniya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Na tambaye shi labarin Iya. Ya ce sun ɗaga azarar, mutum shida. An yi mata wanka da sutura. An binne su a jere a wajen ƙofa, ita da sauran na cikin soron. Gaggawa ake yi, ba wanda ya sa alama.

Mun koma kafin damina. Gidan da na gudu na bari a wajen ganuwa yana nan tsaye. Ba a ƙone shi ba. Dawar kawai aka kwashe.

Ga abin da na koma da shi: jaka ɗaya, da mata mai kunne ɗaya. Dawa ta dawo a kaka biyu. Jakai na sake tarawa, har suka fi na da sau uku. Allah bai sake ba mu haihuwa ba. Kabari biyu gare ni. Ɗaya na san shi sarai, amma tafiyar kwana shida ce, kuma ƙafata ta daina kai ni. Ɗayan yana nan kusa, ina hango wurin daga zaurena. Su tara ne a jere. Ban san wanne ne nata ba.